TARIHI: Farfesa Osuntokun, likitan da ya bi sawun ciwon tangaɗi har cikin tukunyar rogo

A ƙasar Daura, kamar sauran ƙasar Hausa, idan hannun dattijo ya soma karkarwa alhali yana zaune bai ɗauki komai ba, ko kuwa tafiyar magidanci ta koma tangaɗi ba tare da ya sha komai ba, akan ce tsufa ne, ko iska, ko kuma sammu. Masu hali ne kan ɗauki majinyaci zuwa Katsina ko Kano a sa kansa cikin na'ura a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa akan dawo da hoton da bai nuna komai ba. An yi wani likita ɗan Najeriya da ya ƙarar da rayuwarsa a kan irin waɗannan cututtuka tun ƙasar ba ta mallaki na'urar ko guda ɗaya ba. Sunansa Farfesa Benjamin Oluwakayode Osuntokun, kuma yawancin abin da duniya ta fara sani game da cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiya a tsakanin 'yan Najeriya daga hannunsa ya fito.

An haife shi ranar 6 ga Janairu, 1935, a Okemesi, cikin ƙasar Ekiti. Gidansu gidan boko ne: yayansa, Oduola Osuntokun, ya riƙe muƙamin minista a gwamnatin Jihar Yamma. Ya yi sakandare a makarantar Christ's School ta Ado-Ekiti, sannan ya shiga Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda a lokacin take ƙarƙashin Jami'ar Landan, ya kammala karatun likita a 1961. Daga nan ya tafi Birtaniya ƙaro ilimi, ya zauna a Cardiff, ya koma Newcastle inda ya koyi aikin jijiya a hannun Henry Miller da John Walton, ya kuma yi zama a asibitin cututtukan jijiya na Queen Square da ke Landan. A 1965 ya dawo Ibadan. Shekara biyar bayan haka ya zama farfesa, yana ɗan shekara 35.

Ya kamata a san halin da aikin yake ciki a wancan zamani. Hoton ƙashi na yau da kullum ƙoƙon kai kawai yake nunawa, ƙwaƙwalwa ba ta fitowa. Idan likita ya matsu ya ga abin da ke ciki, sai dai a soka allura a gadon baya a tura iska ta haura cikin kai, ko a ɗura wani ruwa a jijiyar wuya, sannan a ɗauki hoto a yi ta karanta inuwa. Hanyar iskar nan takan bar majinyaci da ciwon kai da amai na kwanaki. Sai a 1971 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar majinyaci na farko da na'urar CT, a Landan. Saboda haka kayan aikin Osuntokun su ne ido, da kunne, da 'yar gudumar roba, da tsinin allura, da awon jini, da wata na'ura mai auna saurin tafiyar saƙo a cikin jijiya.

Da waɗannan ya fuskanci wata cuta da ta addabi talakawan yankin Epe da Ijebu. Wasu likitoci sun riga shi ba da labarinta, amma shi ne ya zauna ya fayyace siffarta. Takan fara da zugi ko mutuwar tafin ƙafa. Sannu a hankali mutum ya daina sanin inda ƙafarsa take sai ya dube ta, don haka yakan riƙa buga ta da ƙarfi a ƙasa, yana tangaɗi, kuma da zarar duhu ya yi tafiyar ta ƙara lalacewa. Ga dushewar gani, ga nauyin kunne. A 1968 ya wallafa cikakken bayaninta a mujallar Brain ta Birtaniya, kuma a kanta ya rubuta kundin digirinsa na uku.

Abin da ya bambanta shi da likitan da ke zaune a asibiti yana jiran marasa lafiya shi ne ya tashi ya tafi inda cutar take. Shi da abokan aikinsa, ciki har da Gottlieb Monekosso ɗan Kamaru, wanda daga baya ya shugabanci reshen Afirka na Hukumar Lafiya ta Duniya, suka kwatanta garuruwa biyu na Yarabawa: Ososa, kusa da Ijebu-Ode, inda cutar ta yi katutu, da Akinmorin, inda ba ta da yawa. Harshe ɗaya, ƙabila ɗaya, amma tukunya daban. Mutanen Ososa kusan kullum rogo suke ci, safe da rana da dare, su kuwa na Akinmorin doya ce ta fi yawa a cimarsu. Da aka auna jini, sai aka tarar na mutanen Ososa ya fi ɗauke da sinadarin da jiki ke mayar da gubar sayanayid zuwa gare shi.

Yadda abin yake shi ne, rogo na ɗauke da wani sinadari wanda, idan aka farfasa saiwar, yakan saki gubar sayanayid. Rogo mai ɗaci ya fi mai zaƙi yawansa nesa ba kusa ba. Ferewa, da gurzawa, da jiƙawa na kwanaki, da matsewa, da shanyawa ko suya, su ne ke korar gubar. Ashe aikin da mata ke yi tun kaka da kakanni magani ne, ko da ba su kira shi da wannan suna ba. Ɗan abin da ya rage kuwa jiki na iya kashe kaifinsa, amma sai da taimakon sinadarin farar wuta da ake samu daga nama, kifi, ƙwai da wake. Wanda ba ya samun waɗannan, ga shi kuma rogon da yake ci ba a gyara shi sosai ba, shi ne jijiyoyinsa ke shan guba kaɗan-kaɗan shekara da shekaru. Cutar talauci ce tun kafin ta zama cutar jijiya.

Wannan batu bai yi nisa da Arewa ba kamar yadda wani zai zata. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman rogo a duniya, kuma garin kwaki da alabo sun daɗe da zama 'yan gida a kasuwannin Daura, Mai'aduwa da Zango, musamman a shekarar da gero ya yi tsada. Rogon da aka gyara yadda ya kamata ba shi da laifi. Haɗarin yana zuwa ne lokacin fari da yunwa, sa'ad da tsiron ke ƙara tara guba, mutane kuma ke gajarta kwanakin jiƙo saboda ciki ba ya jira. Haka ta faru a arewacin Mozambik a 1981, inda fari ya jawo annobar wata cutar ta daban mai suna konzo, wadda ke sandarar da ƙafafu farat ɗaya, ta kama fiye da mutum 1,000.

Ba a ce maganar Osuntokun ta rufe ƙofa ba. Masu binciken da suka koma Ososa shekaru da dama bayansa sun tarar cutar na nan, wasu kuma suna ganin ƙarancin bitamin B1 na da hannu a ciki. Har yanzu ana muhawara a kan ko gubar rogo ita kaɗai ta isa ta haddasa cutar. Amma duk masu muhawarar a kan harsashin da ya aza suke tsaye, kuma siffofin da ya zayyana su ake bi wajen gane ta.

Daga 1974 zuwa 1978 ya shugabanci tsangayar koyon aikin likita ta Jami'ar Ibadan. Bayan nan hankalinsa ya koma ga ƙidaya. A wancan lokaci likitocin Turai da dama sun ɗauka cewa wasu cututtukan ƙwaƙwalwa ba su cika kama baƙar fata ba, hujjarsu kuwa ita ce ba sa ganin su a rajistar asibitocin Afirka. Osuntokun ya san rajistar asibiti waɗanda suka iya zuwa kawai take ƙirgawa. Sai ya jagoranci bincike gida-gida a Igbo-Ora, cikin Jihar Oyo, da tsarin tambayoyi da gwaje-gwaje masu sauƙi waɗanda ma'aikacin lafiya da ba likita ba zai iya gudanarwa, aka tantance kusan mutum 19,000, aka ƙirga masu farfaɗiya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon jijiyoyin ƙafa, da cutar karkarwa ta Parkinson.

Daga wannan aiki ne aka sami wani kwatance da har yau ake ambato. Tare da Ba'amurke Bruce Schoenberg, aka gwada sakamakon Igbo-Ora da na baƙaƙen fatar gundumar Copiah a Jihar Mississippi, inda aka bi irin wannan hanya ta ƙofa-ƙofa. Rahoton da ya fito a 1988 ya nuna cewa, bayan daidaita bambancin shekaru, masu cutar Parkinson 67 ne cikin kowane mutum 100,000 a Igbo-Ora, a Copiah kuwa 341. Kakannin yawancin baƙaƙen Amurka daga Afirka ta Yamma aka kwashe su, don haka ratar ninki biyar ta sa masana suka karkata ga muhalli: abinci, ruwa, sinadarai, yanayin zama. Akwai kuma mai cewa wataƙila masu cutar a karkarar Najeriya ba sa daɗewa a raye har mai ƙidaya ya same su. Ko ta wace fuska aka duba, maganar cewa cutar ba ta san baƙar fata ba ta faɗi.

Na'urar da ya yi shekara ashirin yana aiki babu ita ta iso a zamaninsa. Shi ne babban daraktan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan daga 1985 zuwa 1990, kuma a 1987 aka girka na'urar CT ta farko a Najeriya a wannan asibiti. Ta sauya aiki ƙwarai wajen gane ƙari a ƙwaƙwalwa, da zubar jini, da taruwar ruwa. Sai dai a cututtukan da suka fi ɗaukar masa hankali, amfaninta taƙaitacce ne. Cutar Parkinson na faruwa ne idan ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa a wani ɗan ƙaramin sashe can cikin ƙwaƙwalwa, kuma hoton CT ko na MRI na yau da kullum yakan fito kamar na lafiyayye. Ana ɗaukarsa ne don a tabbatar ba wata cutar ce ta yi shigar burtu ba. Akwai hoto na musamman mai nuna raguwar dofamin, amma yana da tsada kuma ba ko'ina ake samunsa ba. Har gobe likita na gane cutar ne ta hanyar duban jinkirin motsi, da sandarewar gaɓɓai, da karkarwar hannu lokacin hutu, wato da irin idon da Osuntokun ya horar da ɗalibansa su yi amfani da shi.

Girmamawa ta zo masa daga gida da waje. An ba shi lambar yabo ta ƙasa ta masana a 1984, ya kuma shugabanci kwamitin da ke ba Hukumar Lafiya ta Duniya shawara a kan binciken lafiya. Rubuce-rubucensa na ilimi sun haura 300. Matarsa, Olabopo Osuntokun, ita ma farfesa ce a fannin ido a Ibadan.

Aikinsa na ƙarshe a kan gigin tsufa ne. A 1992 shi da Hugh Hendrie na Jami'ar Indiana suka soma bin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen tsofaffin birnin Indianapolis da ma'auni iri ɗaya, aka kuma tarar cutar ta fi ƙaranci a Ibadan. Bai ga ƙarshen binciken ba. Ya rasu a Kambirij ta Ingila ranar 22 ga Satumba, 1995, yana da shekara 60, almajiransa suka ci gaba da aikin shekaru masu yawa bayansa.

A 2023 wata tawagar masana, da likitocin Najeriya a sahun gaba, ta sanar da gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna GBA1 wanda ke ƙara haɗarin kamuwa da cutar Parkinson, kuma kusan a jinin 'yan asalin Afirka kaɗai ake samunsa. Yawancin majinyatan da aka yi nazarin da jininsu daga asibitocin Najeriya suka fito.