Hofmann, Malamin da Ya Tsara Sunayen Sinadarai

An haifi August Wilhelm von Hofmann a garin Giessen na ƙasar Jamus a shekarar 1818. Da ya shiga jami'a, shari'a da ilmin harsuna ya fara karantawa, kafin darussan shahararren malami Justus von Liebig su ja hankalinsa zuwa kimiyyar sinadarai.

A shekarar 1845 aka gayyace shi Landan domin ya shugabanci sabuwar kwalejin kimiyyar sinadarai. Ya duƙufa wajen binciken kwaltar da ake samu daga kwal. A shekarar 1856 ɗalibinsa William Perkin ya haɗa wani rini mai launin shunayya daga sinadaran wannan kwalta, abin da ya buɗe ƙofar masana'antar rini ta zamani.

A wancan zamani ana ta gano sababbin sinadarai masu ɗauke da kabon, kowane masani kuma yana raɗa musu sunan da ya ga dama. Sinadari ɗaya yakan amsa sunaye da yawa, har masana su kasa fahimtar juna. A shekarar 1866 Hofmann ya kawo shawarar a yi amfani da jerin wasula, wato a, e, i, o, u, a cikin ɗafa-ƙeyar kowane suna. Duk lokacin da aka matsa zuwa wasali na gaba, ƙwayoyin haidurojin biyu sun ragu ke nan. Misali, etan yana da kabon biyu da haidurojin shida, eten yana da haidurojin huɗu, etin kuwa biyu kacal. Ta haka sunan da kansa yake bayyana dangin da sinadari ya fito. Wasula uku na farko su ne suka ɗore har yau. Gas ɗin girki ma, furofan da butan, daga dangin farko suke.

Hofmann ya koma Jamus a 1865, ya koyar a Jami'ar Berlin, ya kuma taimaka wajen kafa Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Jamus a 1867. Ya rasu a watan Mayun 1892, jim kaɗan bayan taron Geneva, inda masana daga ƙasashe daban-daban suka amince da ƙa'idojin raɗa suna na bai-ɗaya.

Tambayoyi
1. Me Hofmann ya fara karantawa a jami'a?
2. Wace matsala ce shawararsa ta 1866 ta magance?
3. Mene ne bambancin etan da eten?