Likita Mila: Malamin da Ya Zauna da Almajiransa

Karatu: 2 Timoti 2:1-2

An haifi Walter Miller, wanda Hausawa suka sani da suna Likita Mila, a Ingila a 1872. Ya koyi aikin likita a Landan, amma Ubangiji ya ɗora masa nawayar ƙasar Hausa. Kafin ya zo, sai da ya tafi Tarabulus ya koyi Hausa a bakin masu ita.

A 1900 ya iso Kano tare da Bishop Tugwell, amma Sarki Aliyu ya umarce su su bar garin. Mila bai karaya ba. A 1905 ya zauna a birnin Zariya, ya buɗe asibiti ƙarami da makarantar yara maza. Yaran suna zama a gidansa. Yakan koya musu karatu da Maganar Allah da harshen da suka sha a nono, su kuma suna ganin yadda yake addu'a, yadda yake jinyar marasa lafiya. Sa'ad da ciwon barci ya hallaka masu bi da yawa a ƙauyen Gimi, makarantarsa ta karɓi 'ya'yansu.

Shekaru suka wuce, masu tuba kaɗan ne. Amma a 1929 aikin ya koma Wusasa, daga wannan ƙaramar jama'a kuwa aka sami malamai, fastoci, da Dokta Barau Dikko, likita na farko daga Arewacin Nijeriya. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa, aikin da Mila ya ba shekarunsa masu yawa. Ya rasu a Bukuru a 1952.

Ɗan'uwa malamin makarantar Lahadi, ko kana Parakou, ko Djougou, ko Zariya, kada ƙarancin yaran ajinka ya sa ka yi sanyi. Ka san harshensu, ka san gidajensu, ka shirya darasinka da addu'a. Yaro yakan manta abin da ya ji, amma da wuya ya manta halin malaminsa. Bulus ya gargaɗi Timoti ya danƙa koyarwar ga amintattu waɗanda za su koya wa waɗansu. Yau aikin nan yana hannunka.

Addu'a: Ya Uba, ka ba malamanmu haƙuri da hikima, domin yaranmu su san Yesu Almasihu. Amin.