Tijjani Yusuf Bashir, Ɗalibin da Aka Kora

Duk wanda ya ɗan zauna a Sudan ya ji sunan Tijjani Yusuf Bashir, ko a aji ko a bakin masu son waƙa. An haife shi a Omdurman a 1912, a gidan malamai, kuma sunan Shehu Ahmadu Tijjani aka sa masa. Ya fara karatu a makarantar allo ta danginsu, wadda mutanen can ke kira halwa, daga nan ya shiga Ma'ahadul Ilmi na Omdurman, inda ake koyar da fiƙihu da nahawu da adabi.

A nan ne abin ya faru. Ɗalibai suna gardama a kan mawaƙan Masar biyu, Ahmad Shauƙi da Hafiz Ibrahim, wa ya fi wani. Tijjani mutumin Shauƙi ne. Da gardama ta yi zafi sai ya kwatanta fifikon gwaninsa da fifikon Alƙur'ani a kan sauran littattafai. Shi ke nan fa. Magana ta kai kunnen hukumar makaranta, aka zarge shi da saɓo, aka kore shi. Kwatancen bai dace ba, wannan kam babu ja. Amma a ganina suɓutar baki ce ta yaro, wadda nasiha za ta iya gyarawa, ba sai an raba shi da karatu ba.

Ya so ƙwarai ya tafi Masar ya ƙarasa, hanya ba ta buɗe ba. Sai ya koma ƙananan ayyuka da rubutu a jaridu da mujallu, aljihu kullum a bushe.

Waƙoƙinsa kuwa ba su nuna mutum mai gudun addini ba. Cike suke da begen Ubangiji irin na sufaye, da kokawa tsakanin shakka da yaƙini, da ganin ikon Allah a Kogin Nilu da ƙananan halittu. Ya yi wa halwa waƙa. Har ma'ahadin da ya kore shi ya yi wa waƙa, kuma kewa ta fi fushi yawa a cikinta.

Tarin fuka ya kama shi, ya rasu a 1937 yana ɗan shekara 25. Masana kan jera shi da Abul Ƙasim Shabbi na Tunisiya, wanda shi ma bai kai talatin ba. Diwaninsa ɗaya ne tak, Ishraƙa, kuma sai bayan rasuwarsa aka buga shi. Allah Ya jiƙansa.