Barney Kessel: Makaɗin da Aka Fi Sanin Sautinsa da Sunansa

A ƙasar Hausa, kowa ya san sunan Alhaji Mamman Shata, amma ba kowa ne zai iya faɗin sunayen masu kalangun da ke bayansa ba. Haka abin yake a Amurka. Akwai makaɗan da duniya ta sha jin kiɗansu a faya-fayan wasu, ba tare da ta san ko su wane ne ba. Barney Kessel, gwanin jita, yana cikinsu.

An haife shi a garin Muskogee na jihar Oklahoma a shekarar 1923. Tun yana yaro ya kama jita, ya kuma yi kiɗa tare da makaɗa baƙar fata a zamanin da ake nuna wariyar launin fata ƙiri-ƙiri. Wanda ya fi yin tasiri a kansa shi ne Charlie Christian, ɗan jiharsu, wanda ya fito da martabar jita mai lantarki a kiɗan jaz. Da farko Kessel kwaikwayonsa yake yi, daga baya ya gane cewa kayan aro ba ya rufe katara, sai ya shiga neman salon kansa.

A 1942 ya koma birnin Los Angeles. Bayan shekara biyu ya fito a wani gajeren fim mai suna Jammin' the Blues. Da yake shi kaɗai ne farar fata a cikin makaɗan, sai aka ajiye shi cikin inuwa don kada 'yan kallo su lura. A 1947 ya yi faifai da Charlie Parker, a 1952 kuma ya shiga ƙungiyar Oscar Peterson.

Sai dai jaz ba ya ciyar da iyali yadda ya kamata. Saboda haka Kessel ya zama makaɗin haya a ɗakunan ɗaukar sauti. Aikin yana bukatar mutum ya karanta rubutaccen kiɗa nan take, ya kaɗa kowane salo aka nema, a biya shi, ya tafi. Jitarsa ce ta raka muryar Julie London a waƙar Cry Me a River a 1955. Ya kuma yi aiki a faifan Pet Sounds na ƙungiyar Beach Boys a 1966. Waɗannan faya-fayai sun zaga duniya da sunayen mawaƙan.

Duk da haka bai saki jaz ba. Daga 1957 ya fitar da jerin faya-fayai tare da Ray Brown da Shelly Manne da sunan The Poll Winners. A ƙarshen shekarun 1960 ya rage aikin haya, ya zauna a Landan na ɗan lokaci, sannan ya koma yawon kiɗa da koyarwa. A shekarun 1970 suka kafa ƙungiyar Great Guitars shi da Herb Ellis da Charlie Byrd.

A 1992 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya raba shi da jita. Ya rasu a birnin San Diego a watan Mayu na 2004, yana da shekara 80. Ya bar gado iri biyu: faya-fayan da ke ɗauke da sunansa, da kuma ɗimbin waɗanda sai mai kunne ne zai gane hannunsa a cikinsu.