Aneurin Bevan: Ɗan Mahaƙin Kwal Da Ya Ɗora Wa Gwamnati Nauyin Majinyata

An haifi Aneurin Bevan ran 15 ga Nuwamba, 1897, a garin Tredegar da ke kudancin Wales, ƙasar Birtaniya. Mahaifinsa mahaƙin kwal ne, shi ma kuwa yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya shiga rami. Cikin 1925 mahaifin ya rasu da ciwon huhu irin wanda ƙurar kwal ke haddasawa.

A wancan zamani manyan asibitoci da yawa na Birtaniya da gudunmawar jama'a suke tafiya. Akan fito tituna da gwangwanaye ana neman taimako, attajirai su bayar, wasu su bar wasiyya. Garin da ke da masu hannu da shuni sai asibitinsa ya wadata, garin talakawa kuwa sai abin da hali ya yi. Inshorar lafiya da gwamnati ta kafa a 1911 ma'aikaci kaɗai ta shafa, ban da matarsa da 'ya'yansa.

Amma a Tredegar ma'aikata suna da wata ƙungiya wadda ake cire ɗan kuɗi daga ladansu kowane mako, ita kuma ta biya likita da magani domin su da iyalansu. Wannan tsari shi ne Bevan ya riƙe a zuciyarsa lokacin da aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Ebbw Vale a 1929.

Da Jam'iyyar Leba ta ci zaɓen 1945, Firayim Minista Clement Attlee ya naɗa shi Ministan Lafiya. Ra'ayinsa shi ne kada jinyar mutum ta dogara da aljihunsa ko da tausayin mai bayarwa. Saboda haka ya kawo dokar 1946 wadda ta mayar da yawancin asibitocin sadaka da na ƙananan hukumomi hannun gwamnati, a riƙa tafiyar da su da kuɗin haraji. Ƙungiyar likitoci ta ja daga ƙwarai, har sai da ya yarda manyan likitoci su ci gaba da duba majinyata masu biya. Ran 5 ga Yuli, 1948, Hukumar Lafiya ta Ƙasa ta fara aiki, magani ya zama kyauta ga kowa.

Ba a jima ba kuɗin tafiyar da hukumar ya yi wa baitulmali nauyi. A 1951 gwamnati ta sa kuɗi a kan tabarau da haƙoran roba, shi kuwa Bevan, wanda a lokacin yake Ministan Ƙwadago, ya ajiye muƙaminsa bai ƙara riƙe wata ma'aikata ba.

Ya rasu ran 6 ga Yuli, 1960, da ciwon daji, yana da shekara 62. Hukumar da ya kafa tana nan tana aiki, amma gudunmawa ba ta ƙare ba, domin har yanzu yawancin gidajen da ke kula da masu ciwon ajali a Birtaniya da taimakon jama'a suke samun mafi yawan kuɗinsu.