Beatrix Potter, Marubuciyar da Ba Ta Raina Yara Ba

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai, a wannan fitowa na ga ya dace in kawo muku taƙaitaccen tarihin wata Baturiyar Ingila, Beatrix Potter, wadda ta yi fice wajen rubuta littattafan yara da zana hotunansu da hannunta.

An haife ta a Landan ran 28 ga Yuli, 1866, a gidan masu hali. Ba a sa ta makaranta ba, a gida aka ɗaukar mata malamai. Tun tana ƙarama take kiwon zomaye da ɓeraye, tana zana su. Da ta girma sai ta duƙufa kan nazarin naman kaza, har aka gabatar da maƙalarta ga Ƙungiyar Linnean ta masana halittu a 1897. Ita kuwa ba ta halarci taron ba, domin a lokacin ba a barin mata su shiga.

Da hanyar kimiyya ta toshe mata, sai ta waiwayi wata wasiƙa mai hotuna da ta rubuta wa ɗan tsohuwar malamarta a 1893, yana kwance ba lafiya. Labarin wani zomo ne mai ƙiriniya. Ta mai da shi littafi, masu ɗab'i suka ƙi karɓa, ta buga kofe 250 da kuɗinta a 1901. A 1902 kamfanin Frederick Warne ya fito da shi da sunan The Tale of Peter Rabbit. Irin waɗannan ƙananan littattafai 23 ta wallafa.

Da ribarsu ta sayi gonar Hill Top a arewacin Ingila a 1905, daga baya ta shahara a kiwon tumaki. Ta rasu ran 22 ga Disamba, 1943, ta bar wa ƙungiyar National Trust fili fiye da eka 4,000 don amfanin jama'a.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta yi wa aikin yara riƙon sakainar kashi ba. Zomonta, ko da an sa masa riga, ƙirarsa ta zomon gaske ce. Ta kuma dage littafin ya zama ƙarami daidai hannun yaro, mai sauƙin kuɗi. A shekarun da na yi a aikin gwamnati na lura abin da ya shafi yara shi ake bari sai ƙarshe. Mu da muka zama iyaye, ya kamata mu duba irin littattafan da muke miƙa wa 'ya'yanmu.