Ernest Everett Just: Masanin ƙwan halitta da wariya ta kora zuwa Turai

Ranar 27 ga watan Oktoba na 1941 ne Ernest Everett Just ya rasu a birnin Washington yana da shekara 58. Baƙar fata ne ɗan Amurka, kuma yana cikin manyan masana ilimin yadda ƙwai guda ke rarrabuwa har ya zama cikakkiyar halitta.

An haife shi a Charleston a 1883, shekara 18 bayan soke bauta a ƙasar. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara huɗu, mahaifiyarsa malamar makaranta ce ta rene shi. Ya kammala kwalejin Dartmouth a 1907, ya kama koyarwa a jami'ar Howard ta baƙaƙen fata, sannan ya samu digirin dakta a jami'ar Chicago a 1916.

Tun daga 1909 yake zuwa cibiyar binciken halittun teku ta Woods Hole, inda ya duƙufa kan ƙwan tsutsotsi da sauran ƙananan dabbobin ruwa. Ya nuna cewa wurin da maniyyi ya shiga ƙwai shi ne ke tsara inda rabuwar farko za ta bi. Ya kuma lura cewa da zarar ƙwayar maniyyi ɗaya ta shiga, fatar ƙwan takan sauya nan take, ta toshe wa sauran hanya. Ba don haka ba, da ɗan tayin ya lalace.

Duk da wannan ƙwazo, manyan jami'o'in Amurka sun ƙi ɗaukarsa aiki saboda launin fatarsa. Daga 1929 sai ya riƙa zuwa Italiya da Jamus, inda masana suka karɓe shi hannu bibbiyu. A ƙarshe ya koma Faransa, ya yi aiki a cibiyar Roscoff da ke gaɓar teku. A 1939 ya fitar da littafinsa kan rawar da fatar ƙwayar halitta ke takawa.

Da sojojin Jamus suka mamaye Faransa a 1940, sun tsare shi na ɗan lokaci. Ya koma Amurka ba shi da lafiya, sankarar ciki ta yi ajalinsa.

Sai a 1996 hukumar gidan wayar Amurka ta buga hotonsa a kan sarki, shekara 55 bayan rasuwarsa.